Ƙunshin da matar Hozumi ta miƙo

Munakata na tsaye a rumfar ƙananan jirage da makulli a tafin hannu, Tokuji makanike kuwa ya dafa fiffike yana dariya har da tari.

"Wato ba ka buɗe ƙunshin ba, Munakata-san?"

"A gaban matar Hozumi? A taron tunawa da mijinta? Ɗan ƙunshi ta miƙo, na rusuna na yi godiya. Na zaci agogon marigayi ne. Sai a gida na ga makullin jirginsa."

Tun da ya bar wa ɗansa shagon awara, Munakata hayar jirgi yake yi a kulob ɗin matuƙa. Ya tashi ran Asabar, ya sauka, ya biya, ya yi gaba. Abokinsa marigayi Hozumi ne mai jirgin kansa, kuma bai taɓa ganinsa da sabon takalmi ba.

"To ai kyauta ne," in ji Munakata. "Na huta da haya ke nan, ko?"

"Ka huta?" Tokuji ya share hawaye. "Na haya sai ya tashi yake cin kuɗi. Wannan ko barci yake, ci yake. Kuɗin rumfa, inshora, binciken shekara. Injin ma ya kusa cika awoyinsa, sai babban gyara."

"In sayar fa?"

"Abin tunawa da mamaci? Ka sake haɗa ido da wa a filin nan?"

Waya ta yi ƙara. Matarsa Fusako ce.

"Baban yara, ka tambaya? Rabin kyauta ake mayarwa tukuici. Nawa ne rabin jirgi?"

Ya tambayi Tokuji.

"In an cire gyaran inji, matar Hozumi ce ma za ta ciko maka."

"Wai ita za ta ciko," ya faɗa wa Fusako.

"Ka sha giya ne da rana?" Ta kashe.

Ya zauna kan taya, ya shirya kalaman mayar da kyauta cikin ladabi, sannan ya kira matar Hozumi.

"Munakata-san," ta riga shi, "da na san jirginsa na hannunka, jiya na yi barci. Tun rasuwarsa ban yi irinsa ba."

Ya tsinci kansa a tsaye yana rusuna wa waya. "Zan kula da shi," ya ce.

Da ya gama ya dubi sama, garau take.

"Zuba mai, in ɗan zaga," ya ce wa Tokuji.

"Takardar bincikensa ta ƙare tun bazara."

Munakata ya jujjuya makullin, ya sa a aljihu.

"Na kulob ɗin fa, akwai wanda ya kama shi yau?"