Taskirar Inno

Saura kaɗan ban rubuta wannan ba. Firamare ma ban gama ba, kuma ko a gida ba ni da yawan magana. Amma Malam Husaini, shugaban ƙungiyar masu sana'ar hannu ta garinmu, ya ce kowa ya faɗi yadda aka yi ya shigo cikinsu, ni kuwa rubutu ya fi min sauƙi a kan tsayawa gaban mutane.

Garinmu ƙaramin ƙauye ne kusa da Danchadi. A wajen kakata na tashi, Inno Mariya, wadda aikinta kaɗi ne. Da hantsi takan shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, ta jawo taskirarta, wato ɗan kwandon da take ajiye auduga da mazari da alli. Maƙwabta su shigo, wata da tsinken saƙa, wata da gyaɗar ɓara. Inno ta dangwali alli, ta murza mazari, ya yi ta juyi a kan 'yar fatar da ta lafe don tsufa, bakinta kuwa bai tsaya ba. Labarin wanda ya sayi saniya gurguwa, labarin shekarar da ruwa ya ci fadama. Ni ina gefe ina gurza auduga, ina tara wa awaki angurya. A haka hannuna ya koya, ban san ranar da na iya ba.

Da Inno ta rasu, tabarmar ta watse. Na rataye taskirar a ɗakina. Wani lokaci in sauke ta in shinshina, ƙanshin alli da man kaɗanya na nan.

Bara ne ƙungiya ta fara kawo baƙi. Ɗalibai daga Sakkwato, wasu har daga Abuja, su zo su ga maƙera da dukawa da masu ginin tukwane, su ci tuwo, su sayi faifai da tabarmi. Aka gyara wani tsohon zaure, ana rataye kayan sana'ar da babu mai yin ta yanzu. Baffana Malami ya yi musu alkawarin taskirar Inno.

Ranar da Malam Husaini ya zo ɗauka, na tsaya bayan ƙofa na riƙe ta a ƙirji.

"Hafsatu, ba sace ta za mu yi ba," in ji shi. "A bango za ta zauna, da sunan Inno a jiki."

Na ce, "Ba ta saba da bango ba, Malam." Ni kaina ban san daga ina maganar ta fito ba.

Ya yi dariya. "To, abin da ake aiki da shi ba mu rataye shi. In kin iya kaɗi, ran Asabar akwai baƙi. Matan cikinsu za su shigo gida su gani. In kin yi, ta zauna wurinki."

Asabar ta zo. Na shimfiɗa tabarma a inda Inno take shimfiɗawa. Mata suka shigo da sallama, suka kewaye ni, kowace ta ɗaga waya. Wata ta ce wa sauran su yi shiru kada su dame ni. Aka yi tsit, har ina jin numfashinsu.

Na murza mazari, zaren ya tsinke. Na haɗa, na sake, ya tsinke. Tafin hannuna ya jiƙe, allin ya zama kamar kunu. Ban taɓa yin kaɗi a cikin shiru irin wannan ba. Na sunkuyar da kai, a raina ina ganin taskirar a bangon zaure da ƙura a kanta.

Sai na ji sanda tana ƙwanƙwasa ƙasa. Wata tsohuwa ce ta ratsa baƙin, da ɗaurin faifai a kai. Daga baya na ji sunanta Iya Zulai, daga Lambara, cikin matan da aka gayyato su kawo kayansu. Inno ma 'yar Lambara ce, aure ya kawo ta garinmu.

Ta sauke kayanta, ta zauna a tabarmata ba tare da an ce ta zauna ba. Ta jawo taskirar ta duba gindinta.

"Wagga taskira ta Mariya ta. Ke wa ta gare ta?"

Na ce, "Jikarta."

"Awo, shi ya sa. Ai gado na. Mariya ba ta taɓa iya kaɗi ba. Zarenta kamar igiyar ɗaure jaki."

Baƙin suka kalli juna. Ni kuwa na ɗago kai na ce:

"Iya, masaƙan Bodinga har gida suke zuwa sayen zaren Inno."

"Don hirarta suka zuwa, ɗiyata. Zaren sadaka suka yi mata."

"Wallahi ba haka ba ne!"

"Ke kin san ta da haƙora? Ni na san ta. Muna 'yan mata, uwarta ta ba ta auduga cike da ƙwarya, tat tahi gindin tsamiya tay yi barci. Akuya ta cinye rabi. Da aka tambaye ta, sai tac ce iska na. Iska mai gemu!"

Matan suka fashe da dariya, ni ma ta kuɓuce min. Na ce ai Inno ta ba mu labarin nan, amma cewa ta yi ƙawarta ce ta yi barcin.

"Ni? La'ilaha! Mariya, ko a kabari sai kin yi mani ƙarya?"

Muna ta wannan, ita ta faɗa ni in mayar, ban lura ba ashe mazari yana ta juyi. Zaren yana fita siriri, yana naɗuwa. Wata ɗaliba ta ajiye wayarta ta durƙusa, ta ce in nuna mata yadda ake riƙe audugar. Na nuna mata.

Iya Zulai ta matso kusa. Ta zuba wa hannuna ido, sannan ta goge fuska da bakin mayafi.

"Haka taka ɗaga ɗan ƙaramin yatsanta," ta ce a hankali. "Mun yi ta yi mata dariya."

Da baƙi suka fita, Malam Husaini ya aiko daga zaure cewa taskira ta zauna, amma duk zuwan baƙi ana so in yi. Na riƙe zanen Iya Zulai na ce ta riƙa zuwa, don in babu mai magana hannuna ba ya tafiya.

"Ni da gwiwoyin ga? Yau ma da ƙyar aka ɗora ni mota. Ke ki taho. Akwai tsohi irina can da sunka san ta, kowace da abin da za ta hwaɗi. Ki kwashe, in baƙinki sun yi shiru ke ki ba su labarin."

Ban taɓa shiga mota ni kaɗai ba, kuma ban taɓa ganin garin da aka haifi Inno ba. Na faɗa wa Baffa Malami, ya yarda, ya ce in gaishe su.

Washegari da safe na ɗaure taskirar a cikin zane, na hau Keke Napep zuwa Bodinga. A bakin titi na sami motar da ke tafiya garin Shagari. Yaron mota ya tambaye ni ina zan sauka, sai da ya sake tambaya kafin muryata ta fito. Na ce Lambara.