Murɗin Hagu

Kwana uku Bahago yana zarya gidan Malama, kuma a rana ta ukun ne bakinsa ya furta maganar da ta hana shi sakat.

Abin da ya kai shi gidan ba baƙo ba ne a wurin mai aikin wuta. Malama, tsohuwar malamar makaranta da ta yi ritaya, ta shiga banɗaki da safe ta kama kan famfo, wuta ta fizge ta har kafaɗarta ta bugi bango. Cikin rabin awa Bahago ya gano cewa ƙarfen cikin hitar ruwan wanka ne ya tsage, ya cire shi ya sa sabo. Wani ma'aikacin da nan zai tattara kayansa ya kama gabansa, amma Bahago ɗan gidan sana'a ne. Ya san kowane gida da aka yi wa aikin kirki yana da waya ta uku, wayar ƙasa, wadda ba ta kunna komai kuma ba ta kashe komai. Aikinta kawai ta zauna tana jiran ranar da wuta za ta ɓalle, ta kwashe ta ta kai ƙasa kafin ta sami jikin mutum. A gidan Malama ranar ta zo, wayar kuwa ba ta yi aikinta ba.

Ya auna da mita ya sake aunawa. Tsakanin allon fis da ke bakin ƙofa da makunnin hita da ke jikin banɗaki, wayar ta yanke a wani wuri. Shi ya saka hitar shekara shida da suka wuce, don haka nasa aikin ya fara buɗewa, na hitar da na makunnin, ya same su lafiya lau. Saura bango ke nan, dogon bangon lungu mai farin fenti, sumul kamar ƙwai, ba alamar komai a jikinsa.

"Malama, wayar ce ta tsufa a cikin bango," ya ce yana goge zufa. "Aikin da ne. Sai an fasa an ja sabuwa."

Ta dube shi ta saman tabarau, irin kallon da ta shekara talatin tana yi wa masu ƙaryar ciwon ciki ranar jarrabawa.

"Aikin da? Ai mahaifinka ne ya yi wa gidan nan wuta. Marigayi maigidana har ya koma ga Allah yana yabon hannunsa." Ta numfasa. "Ashe haka aikin nasa yake. To, jibi magini ya zo ya fasa."

Tun daga ƙofar gidan maganar ta fara damun Bahago. Bai ga wayar ba, bai taɓa ta ba, gajiya ce kawai ta sa ya ɗora wa tsoho laifi don tsoho ba ya wurin. Kuma ya san Malama ba ta ajiye magana. Kafin magini ya gama fasa bangon, unguwa duk za ta ji cewa aikin Baba ne ya kusa kashe ta.

Baba kuwa yana gida a kan kujerarsa ta bakin ƙofa, inda yake wuni tun da yanar ido ta rufe masa gani. Shekara arba'in ya yi yana ja wa gidajen mutane waya, yanzu ko kwan fitilar ɗakinsa ba ya gani sai ɗan haske-haske. Bahago ya saba idan ya dawo da yamma ya zauna kusa da shi ya ba shi labarin aikin ranar: gidan wa ya je, me ya lalace, me ya sa. A ransa sadaka yake yi. Tsohon yakan sunkuyar da kai ya yi shiru, sau da yawa ma Bahago yakan ɗauka gyangyaɗi yake.

Ranar sai ya yi ta kewaye-kewaye, ya kawo zancen wata fanka, ya kawo na wani soket da ya ƙone.

"Ba ka gama mini da gidan Malama ba," in ji Baba.

Dole ya faɗa, har da abin da bakinsa ya furta. Ya zaci faɗa za a yi masa, amma sai tsohon ya shiga murza babban yatsa da manuni kamar akwai waya a tsakaninsu.

"Wayata ba ta taɓa siminti ba, a bututu take," ya ce. "Gobe ka kai ni."

"Baba, da wane idon?"

"Kai da kake da biyu, kwana nawa ka yi?"

Da hantsi suka isa. Malama ta tarbe su da gaisuwa mai tsawo, amma da ganin fuskarta ka san tausayin tsohon take ji, ba ta sa ran komai ba. Baba bai ko zauna ba. Ya ce a kashe wutar gidan, Bahago ya ce ya kashe, tsohon ya miƙa hannu. Sai da aka ciro babban fis aka ɗora masa a tafin hannu, ya jefa shi aljihu ya danna, sannan ya yarda. Haka yake tun yana da ido: ba ya taɓa waya sai fis yana aljihunsa, don bai yarda da hannun kowa a kan makunni ba, ko da na matarsa ne.

Ya ɗora tafin hannu a jikin allon fis ɗin, ya zame shi zuwa bango, ya fara tafiya a hankali. Taku uku ya tsaya.

"Malama, nan ai ƙofa ce."

Ta dubi bangon, ta dubi Bahago. "Ƙofar sito ce. Shekara ashirin ke nan da muka toshe ta. Ni kaina na manta."

"Makunninta yana nan ciki ta dama, na yanke masa wuta ta sama lokacin da maigida ya aiko mini za a toshe ta." Ya ci gaba yana shafa bangon, yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai gaisawa da mutanen da ya daɗe bai gani ba. Ga bututun falo nan ya hau. Ga na kicin, shi ya fi kauri, don maigida ya ce wata rana za a sayi murhun lantarki. Nan magini ya so a ratsa a karkace don a rage waya, suka yi ta cacar baki har azahar, a ƙarshe magini ya haƙura.

Kwana uku Bahago ya yi yana kallon bangon nan bai ga komai ba sai fenti, ga shi makaho yana bin sa layi-layi kamar an zare filastar an ajiye gefe. Gidaje nawa mutumin nan ya yi? Ɗari biyar? Dubu? Ashe duk suna nan a kansa, da bututunsu da kwanarsu, shi kuwa yana zaune kusa da shi kullum yana tausaya masa. Kunya ta kama shi, tare da wani irin tsoro mai daɗi da bai taɓa ji game da ubansa ba.

A taku na tara Baba ya tsaya ya ce a kawo tsani.

"Malam, kada ka faɗi a gidana," in ji Malama.

"Tsani ya san ni, Malama. Ƙasa ce ban saba da ita ba."

Bahago ya riƙe tsanin da ƙirjinsa, tsohon ya hau matakala uku, ya taɓa silin, ya auno taƙi biyu zuwa ƙasa. Ya juya sukudireba ya fara ƙwanƙwasa bangon da ƙotarta. Sau huɗu bangon ya amsa da nauyi, a na biyar sai ya yi ƙara irin ta gwangwanin da ba komai a ciki.

"Waya ba ta yin kwana a bangona sai da akwati," ya ce. "Ga shi nan. Wa ya shafe mini shi?"

Malama ta dafa ƙirji, ta ce masu fenti ne, shekara huɗu baya, sun ce murfin yana ɓata musu aiki. Sai ta kalli tsohon, ta cire tabarau ta goge ta mayar.

Bahago ya hau ta ɗaya gefen tsanin da cizal, ya ɓamɓare filastar da ba ta kai faɗin tafin hannu ba, murfin ƙarfe ya bayyana daidai inda ƙotar ta buga. Ya kwance shi ya haska tocila. Ciki tsaf yake kamar jiya aka rufe. Wayoyin Baba a jere, kowace an lanƙwasa bakinta ta zagaye sukurunta, ba wadda ta ko dusashe. A gefe guda kuma akwai wasu wayoyi uku da launinsu ya fi sabunta, kuma ɗaya daga cikinsu, koriyar, wato wayar ƙasa, tana reto a iska, ta zame daga ƙarƙashin sukurunta.

Nan take ya tuna. Daga akwatin nan ya ja wa hitar layi, ta cikin wani bututu da Baba ya bari ba kowa a ciki don gaba. Shekarar ce ta farko da ya fara fita aiki shi kaɗai.

Yatsun tsohon sun riga sun shiga akwatin. Suka bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya har suka kai ga mai reton, suka shafa lanƙwasar bakinta, suka tsaya cak. Bahago ya san abin da suka ji. Tun yana koyon aiki Baba yake nanata masa cewa bakin waya dole ya zagaye sukuru ta inda sukurun yake juyawa, ta dama, don in ana ɗaurewa ya riƙa jawo ta ciki. In aka lanƙwasa ta hagu, sukurun turo ta waje yake yi, ta kama da ɗan baki kaɗan, zafi da sanyi su yi ta sassauta ta har ta saki. Hannun bahago kuwa in ya yi sauri hagu yake murɗawa. Da can Baba yana bin bayansa da yatsa yana gyarawa, shekarar da idon ya tafi babu mai bi.

Baba ya rufe bakin wayar da babban yatsansa, ya juya fuska wajen muryar Malama.

"Malama, yaron ya yi gaskiya. Aikina ne. Ban ɗaure wannan da kyau ba, ki yafe mini."

Ya faɗe ta a sauƙaƙe, yana ƙoƙarin miƙar da lanƙwasar a ɓoye. Shekara arba'in na suna, kuma abin da ya rage masa ke nan a duniya, ya ajiye shi a kan tsani don ɗansa ya ci gaba da shiga gidajen mutane da kai a sama. Bahago ya sa hannu ya janye yatsan ubansa a hankali.

"Malama, matso ki gani." Ya haska mata. "Waɗannan nasa ne, duk sun kalli dama, shekara talatin ba wadda ta motsa. Wannan da ta saki tawa ce, murɗin hagu ne. Ni na sa ta ranar da na kawo hita. Jiya kuma na ɗora masa ba tare da na gani ba."

Malama ta leƙa ta daɗe, ta dubi uban ta dubi ɗan.

"Yau ɗaya na ga wanda ya yi ƙarya kuma ban ji haushi ba," ta ce. "Malam, sauko ka zauna. Kai kuma gyara, ina kallon ka. Bari in aika wa magini ya sha zamansa."

Bahago ya yanke bakin wayar, ya fere sabo, ya lanƙwasa ta dama da filaya, ya ɗaure. Baba bai sauko ba sai da ya sa yatsa ya shafa, ya ja wayar sau biyu. Mita ta nuna layin ya haɗu tun daga allo har banɗaki, sannan tsohon ya zaro fis daga aljihu ya miƙa.

A hanyar gida Bahago yana riƙe da gwiwar hannun tsohon har suka wuce shagunan bakin titi.

"Yaushe hannunka ya daina murɗin nan?" in ji Baba.

"Na kama kaina da shi bayan kamar shekara guda. Tun daga nan ban sake ba."

"Gida nawa ka yi a shekarar?"

Sai yanzu Bahago ya hango sauran akwatunan, a bayan fentin wasu gidajen, da wasu famfunan da ake kamawa da jiƙaƙƙen hannu kowace safiya.

"Baba, wallahi ba zan iya tunawa ba. Sun fi hamsin."

"Sittin da huɗu," in ji tsohon. "Ai kana dawowa kana faɗa mini. Gobe mu fara da masu hita, su goma sha ɗaya ne. Na farko gidan tela, bene na biyu, ka ce matarsa ta sa ka cire takalmi tun daga matakala. Na biyu gidan direban nan mai 'yan biyu."

Bahago ya tsaya a gefen titi, ya laluba aljihu ya ciro fensir da bayan kwalin soket, ya fara rubutawa da hannun hagu, yana roƙon tsohon ya ɗan rage sauri.