Wa Ya Taɓa Mini Birki?

Da safe na fito da babur, ina zuwa mararrabar bakin layinmu wata mota ta sha gabana. Na matse birkin gaba, sai hannun birkin ya tafi luƙus har ya haɗe da kan babur, kamar na matse soso. Da birkin baya da ƙafafuwana na samu na tsaya, gwiwata saura kaɗan ta daki ƙofar motar.

Babur ɗin na Yayana ne. Shi ya ba ni nake kai wa masu shaguna kaya, tunda na ƙi zaman aji kuma na ƙi zaman shago. Sau biyu ina kai shi gyara a wata guda, shi ya sa makon jiya Yaya ya ce, "Auta, ka sake lalata shi, ka ajiye mini makullina." Kuma na san ƙanin matarsa ya daɗe yana zagaye babur ɗin da ido.

Na tura shi har garejin Dogo, bakaniken da ke bayan gidan mai.

"Sarkin gudu! Yau kuma me ka karya?"

"Wallahi ban karya komai ba. Jiya lafiya lau na ajiye shi."

"Haka kowa yake cewa. Babur ne kawai ba ya iya magana."

Ya tsuguna ya leƙa takalman birkin, ya ce ba su cinye ba tukuna. Ya shafa faifan birkin da yatsa, ba maiƙo. Ya damƙe tiyon man birkin a hannu ya ce in matsa, ko zai ji ya kumbura a wani wuri. Bai ji komai ba.

"To iska ce ta shiga. Matsa sau uku ka riƙe."

Ya saƙala siririn tiyo a bakin ɗan notin da ke ƙasa, ya zura ɗaya bakin cikin kwalba, ya sassauta. Mai ya fito. Muka yi sau biyar, ƙwayar kumfa ɗaya ban gani ba, hannun birkin kuma yana nan lagwaf. Dogo ya daina wasa. Ya ɗaga kwalbar sama yana kallo, man ya rabu biyu, wani fari-fari yana kwance a kan wani.

"Wa ya buɗe maka kofin man nan?"

"Ba kowa."

"Zo ka gani."

Kawunan notuna biyun da ke murfin duk sun kwarzane, sabon kwarzane mai ƙyalli. Ya ce wannan ba aikin sukudireba ba ne, da wani ƙarfe aka murɗe su. Da ya ɗaga murfin, robar ciki ta kumbura ta yi laushi, ya yi ya yi ta koma mazauninta ta ƙi. Ya ɗebo ruwa a gwangwani, ya ɗiga man a ciki.

"Man birki yana narkewa a ruwa. Kalli wannan."

Yana yawo a sama, ido-ido.

"An zuba maka wani man daban. Ya cinye robobin ciki, shi ya sa kake matsawa ba ya kamawa. Sai an wanke layin gaba ɗaya an sake roba. Kana da abokin faɗa ne?"

A tsakar gida babur ɗin yake kwana, ƙofa a kulle. Wa yake shiga? Wa zai ji daɗi in an ce na sake lalata shi? Na tuna shekaranjiya na ga Yaya tsaye a kansa yana latsa hannun birkin, da na fito sai ya ce wai gwadawa yake. Na tuna yadda matarsa ta amsa gaisuwata da safe ba ta ko ɗago kai ba. Kafin in isa gida a ƙafa, kwalbar tana hannuna, na gama yanke hukunci.

Na tarar da Yaya ya dawo cin abincin rana. Babanmu, wanda tela ne, yana gefen rumfa a kan keken ɗinkinsa yana fama da zare da allura.

Na dire kwalbar a gaban Yaya. "In makullinka kake so, ai sai ka ce in ba ka. Ba sai ka kashe ni ba."

Ya ajiye cokali. "Me ka ce?"

"An zuba wani mai a birkin. Dogo ya nuna mini. Na kusa shigewa ƙarƙashin mota, don kawai ƙanin matarka ya samu abin hawa."

Sai Baba ya ɗago, ya gyara tabarau.

"Birki? Yauwa, Auta, ya ka ji shi? Shekaranjiya na leƙa ɗan gilashin kofin man nan na ga man ya yi ƙasa, na cika maka shi fal. Notunan ma sun ba ni wuya, da bakin almakashi na kwance su."

Ya ɗaga ɗan gwangwanin man kekensa mai dogon baki yana nuna mana, yana murmushi.

Yaya ne ya fara magana, a hankali.

"Baba, ba a sa masa irin wannan. Nasa daban ne."

"Kai, mai ai mai ne. Shekara talatin keken nan yana shansa, ka taɓa jin ya yi tari?"

"Duk da haka, Baba. Don Allah kar a ƙara."

Baba ya yi tsaki ya koma kan allurarsa. Yaya ya tashi ya wanke hannu, ya goge a jikin rigarsa, ya zo ya tsaya a gabana ya miƙo tafin hannu.

"Yaya, ai ka ji ba ni na lalata ba."

"Na ji. Ba don birkin ba ne."

Na laluba aljihu na ciro makullin na sa masa.