Sarakunan da Ba a Yi wa Aski

Ni Awwalu wanzami, a bakin Marwa a Makka nake aski. Shekarar da aka gama babban yaƙin Turawa, wani alhaji ya ɗaure mini kai, har yau bai kwance ba.

Sunansa Abdulganiyyu, malamin makarantar Faransa daga Damagaram, ya sauka gidana a unguwar Misfala. Ya gama ɗawafi da sa'ayi, saura aski ya fita daga harami. Ya zauna gabana a kan dakali, na wasa aska, sai ya dafe kansa da hannu biyu.

Na ce, "Yalla, ya shaikh, mutane na jira!"

Ya ce, "Malam Awwalu, ka san Faranki?"

"Kuɗin Faransa?"

"A'a, kakannin Faransawa. Sarakunansu na farko ba a taɓa musu gashi. Ranar da aka aske sarki, sarauta ta tafi."

Ikon Allah! Na ce, "To, kai sarki ne?"

"A'a."

"Bafaranse ne?"

"A'a."

"To, ina ruwanka da gashin mutanen da suka mutu tun tuni? Ko saisaye in yi maka, khalas, ka sa rigarka."

Ya ƙi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutum ya ratso Cadi da Sudan, ya haye teku, sannan gashi ya tsayar da shi? Ya ce shi ma bai san me ya same shi ba. Kullum yana karanta wa yara labarin nan suna dariya, yau kuma da ya ga aska sai gabansa ya faɗi.

Na ce, "To, in an aske sarkin, kashe shi ake yi?"

"Ba a kashe shi. Gidan ibada ake kai shi, ya zauna yana bauta. Ba ya sake komawa gida." Ya dube ni. "Na bar mata da 'ya mace ƙarama a Damagaram. Kai yaushe ka zo?"

Na buɗe baki in ce aikin hajji kawai na zo yi, uwata na jirana a Kano. Sai na tuna a nan aka aske ni, a kan wannan dakalin, gemuna ko tsiro bai yi ba. Yanzu ga furfura, ban taɓa komawa gida ba.

Ya sauke hannuwansa a hankali, ya ce, "Bismillah, aske."

Ni kuma hannuna ya ƙi ɗaguwa.