Koren Baba Nalado

Motar da na saya a hannun wani Kwara, Balarabe mai kanti a Kwari, shekarar da na cika goma ina akawu a tashar jirgin ƙasa, injinta lafiya lau yake, jikinta ne abin kunya. Tsohuwar Ostin ce. A da baƙa ce, amma rana ta cinye fentin har ya koma ruwan toka, tsatsa kuma ta kama ƙasan ƙofofi. Matata Biriskila ta zagaya ta sau ɗaya, ta ce ita kam gara ta ci gaba da zuwa sujada a ƙafa. Na kai wa Sylvester mai feshi a Sabon Gari, ya faɗi kuɗinsa, ban ko tsaya ciniki ba na yi masa sallama. Na ce da hannuna zan shafe ta a ƙofar gida, wanda zai yi dariya ya yi.

Mu mutanen Zariya ne, Kirista, muna haya a Kwaciri cikin Fagge, a sashen waje na gidan Baba Nalado marini. Tsoho ne dogo mai faɗa, ya fi shekara hamsin a bakin karofi, kuma duk unguwar babu mai ja da shi a kan launi. Sai dai a lokacin akwai rigima a gidan. Babban ɗansa Habu, magidanci mai 'ya'ya huɗu, ya shekara yana roƙonsa ya sakar masa marinar ya huta, don idonsa ya fara rauni. Sau biyu an dawo da rawani an ce ya yi dabbare-dabbare, sau ɗaya kuma saura ƙiris tsohon ya afka ramin rini. Baba ya ce idonsa garau yake. Muciyar da ake motsa shuni da ita, wadda a gidansu mai riƙe da ita shi ne mai marina, kullum da ita yake dawowa gida ya jingine a bayan ƙyaurensa.

Ranar da ya ji ina kankare mota ya fito ya tsaya a kaina.

"Akawu, wane launi za a yi mata?"

"Ban yanke ba tukuna, Baba."

"A yi mata kore. Wanda ya sha sosai, mai ƙyalli, in rana ta taɓa shi ka ga fuskarka a ciki."

Na ce to. Na ji daɗi ma, don ni ba na iya zaɓen ko yadin riga sai Biriskila ta sa baki. Washegari da na tashi aiki na biya kantin Celestine a Sabon Gari, wani Inyamuri mai sayar da ƙusa da fenti da kwado, wanda muke gaisawa tun ina gwauro.

"Malam Nehemiya, ka zo a daidai," in ji shi. "Ina da kore gwangwani biyu, ragowar wanda aka shafa wa tagogin wata makaranta. Takardar jikinsu ta ɓare, gwangwanin ya loɓa, amma fenti na mai ne, yana kama ƙarfe. Zan rage maka."

Da na ji kalmar ragi ban ƙara tambayar komai ba. Na haɗa da buroshi biyu da samfefa da kwalbar kananzir, na ɗaure a bayan keke.

Sati biyu muka yi muna gyaran jikin motar, ni da Baba, kullum bayan la'asar. Gaskiya ba don shi ba da na yi aikin banza. Ni in na goge wuri na ga ya yi haske sai in wuce. Shi kuwa sai ya bi da yatsa, ya tsaya, ya ce, "Nan akwai ƙurji." In duba da kyau, sai ga shi. Shi ya sa muka kafa zana muka kewaye motar saboda kaji da awakin maƙwabta, shi ya ce a riƙa yayyafa wa ƙasa ruwa kafin a fara. Ni kuma na liƙe gilasai da fitilu da tsofaffin jaridu da ƙullun rogo. A kwanakin nan tsohon ya daina faɗa da kowa a gida, har matarsa ta aiko wa Biriskila da fura ta ce a gode wa Akawu.

Ranar Asabar da rana aka taru. Mota a unguwa ba ƙaramin abu ba ne a lokacin, balle a ce za a yi mata fenti da buroshi kamar ƙofa. Habu ya dawo daga marina ya zauna a dakali, maƙwabta biyar ko shida suka tsaya a bakin zana. Na sa wuƙa na ɓalle murfin gwangwani, na juya da kara, na ɗaga.

Kowa ya leƙo. Sai Habu ya ce, "Baba, wannan ai ɗanyen haki ne."

A nan ne hankalina ya dawo jikina. Ni na yi makarantar mishan, a wurina kore shi ne launin ganye, haka ma a wurin Celestine. A bakin marina kuwa, in an ce kore, ana nufin launin rigar nan ta manya wadda ta sha shuni har ta yi baƙi-baƙi, aka buge ta tana walƙiya. Na san wannan sarai, kakana ma yana da irinta a adaka. Kawai ban kawo a raina ba.

Baba ya karɓi gwangwanin ya kawo shi dab da fuskarsa, ya daɗe yana dubawa. Wani daga bakin zana ya yi dariya ƙasa-ƙasa. Na ga jijiyar wuyan tsohon ta tashi.

"Kai Habu, shekara nawa kana tsoma zane? In ka ɗago shi daga rami, da wane launi yake fitowa?"

"Tsanwa-tsanwa, Baba."

"Me ke juya shi?"

"Iska. Amma Baba, wannan fenti ne, ba shuni ba."

"Launi launi ne! Bature ma a wurin Allah ya samu iskar, ba daga Ingila ya zo da ita ba. A shafa, a bar shi ya sha iska, a sake. Tsomi uku." Ya juya ya fuskanci mutane. "Ku shaida. In an yi na uku motar nan ba ta juya ba, Habu ya ɗauki muciya. In ta juya, kada in sake jin maganar idona a gidan nan."

Habu ya ce, "Baba, ba sai an kai ga haka ba."

"An kai."

A lokacin ya kamata in yi magana. In ce kuskurena ne, ba abin da ya aike ni na sayo ba, a rufe gwangwani a tashi. Ban yi ba. Kunya ta hana ni ƙaryata dattijo a gaban jama'a, wannan gaskiya ne. Amma akwai wata gaskiyar, ita ce gwangwanin da aka buɗe ba ya komawa kanti, kuma na tuna da hakan. Har yau in na tuna sai in ji haushin kaina.

Muka shafa. Baba ne ya haɗa, ya tsinka fentin da kananzir har ya yi ruwa-ruwa, ya ce rini ba a yi masa gaggawa, siriri-siriri ake bi. Ni da na so in lafta mai kauri in huta, ya ƙwace buroshin ya nuna mini yadda ake ja, dogon hannu, gefe ɗaya, ba komowa. Kafin magariba mun gama. Motar ta tsaya a cikin zana kamar gonar gero a tsakiyar damina.

Ran Lahadi ban ji ko kalma ɗaya ta wa'azi ba. A hanyar dawowa Biriskila ta ce, "Maigida, araha ba ta ado, yau ka gani. Ka je ka gaya wa tsohon nan gaskiya tun kafin ka raba shi da sana'arsa."

Litinin na fara komawa wurin Celestine, ina fatan abin da na san babu. Na tambaye shi ko irin wannan fentin yakan yi duhu in ya kwana biyu. Ya dube ni, ya yi dariya har ya riƙe kanta.

"Malam Nehemiya, fenti ba mangwaro ba ne da zai nuna. Yadda ka shafa shi, haka zai tsufa."

Na yi tunanin in sayi shuɗi in zuba a ciki a ɓoye. Ba hanya. Baba ya kwashe gwangwanayen ya kai ɗakinsa, shi kaɗai ke haɗawa, Habu kuma yana zaune a dakali duk lokacin da ake shafi. Saboda haka da yammar nan, kafin a fara na biyu, na ja tsohon gefe.

"Baba, ni fa ina ganin an samu kuskure. Da kuka ce kore, ni na ɗauka..."

"Akawu, kai da alƙalami, ni da launi. Na taɓa zuwa tasha na gyara maka rubutu?"

"A'a, Baba."

"To riƙe buroshi."

Na riƙe. Muka yi na biyu ran Litinin, na uku ran Laraba. Duk shafin da aka ƙara, motar sai ta ƙara kyau, ta yi sumul ba zanen buroshi ko ɗaya, ta kuma ƙara zama koriya shar. Maƙwabta suka daina dariya. Wasu ma suka daina zuwa, don abin ya wuce wasa, kowa ya san inda za a ƙare. Shi kuwa Baba kullum da safe sai ya shiga cikin zanar, ya zagaya motar, ya fito ya ce, "Tana tafe." Na ɗauka taurin kai ne kawai irin nasa.

Alhamis da safe, kafin in tafi ofis, ya ce a cire zana. Ni da Habu muka tumɓuke, muka ɓare jaridun gilasai. Shaidun ranar Asabar suka zo suka tsaya nesa kaɗan. Rana ta fito sosai, ta bugi motar, tana ƙyalli har ka ga fuskarka a ƙofa, yadda ya ce. Ko Sylvester da injin feshinsa bai isa ya raina aikin nan ba.

Baba ya fito da wankakkiyar riga. Ya zo ya ɗora tafin hannu a kan motar, ya shafa daga gaba har baya. Ya ja da baya taku uku ya tsaya yana kallo. Ya matso, ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa ƙarfen. Ya sake ja da baya. Sannan ya juyo wajen da yake jin numfashina, ya rage murya, amma wurin shiru ne, kowa ya ji.

"Akawu, ya juya?"

Ban taɓa jin tambayar da ta yi mini nauyi kamar wannan ba. Mutumin da ake kawo wa zane daga garuruwa ya faɗi ko ya sha ko bai sha ba, yana tsaye a gaban mota guda cikin hasken rana yana tambayar akawun tasha launi. Habu ya sunkuyar da kai. Na so in ce ya fara juyawa, wallahi na so, kuma na tabbata da na faɗa babu wanda zai ƙaryata ni a wurin.

"Bai juya ba, Baba," na ce. "Amma laifina ne. Ba wannan kuka aike ni ba. Ni ne ban fahimci maganarku ba, kuma na gane tun ranar Asabar na yi shiru. A bar maganar muciya, alkawarin bai hau ba."

"Haka ne, Baba," in ji Habu da sauri. "A bar ta."

Tsohon ya sake juyowa wajena.

"Akwai dabbare a jikinta?"

"Babu ko ɗaya."

"To madalla." Ya gyara wuyan rigarsa. "Akawu, bar ɗora wa kanka. Mai ido tun a shafin farko zai gane. Ni kwana biyar ina zagaya ta, abu ɗaya nake gani, duhu mai ƙyalli. Na ce ko yau in rana ta fito sosai zan rarrabe."

Ya shiga gida ya fito da muciyar, doguwa, ta yi baƙi don tsufa. Ya miƙa wa Habu. Habu da ya shekara yana neman sandar nan, da aka miƙo masa sai ya kasa ɗaga hannu, ya tsaya hawaye na zuba, ƙaton mutum a gaban maƙwabta.

"Karɓi mana. Ramin gabas yana son toka, kada ka bari ya kwana."

Habu ya karɓa da hannu biyu. Baba ya juya zai koma ciki. Shekara shida ina gidan nan, kullum sai dai in ga ya ratsa zauren nan kai tsaye, kansa a sama, ba ya taɓa komai. Ran nan ya miƙa hannu ya nemi bango, ya same shi, ya bi shi a hankali har ya shige, muna tsaye muna kallo.