Ba Na Daji Ba Ne

A shekarar ƙarin albashin Udoji, lokacin da kowane ma'aikaci a Gombe ke hawa sabon babur, ƙafafun Bamanga suka fara ƙin jin maganarsa. Dillalin shanu ne a Jekadafari. A ruga ya tashi, da girmansa ya shigo gari, Hausarsa kuwa ta ciniki ce kawai. Da fari bayansa ne ke zogi a ƙasan kafaɗu. Wanzami ya yi masa ƙaho har sau uku, an sha saiwa, an sha rubutu, duk a banza. Kafin damina ta ɗauke, sai an riƙe shi yake zuwa bayan gida.

Aka kwantar da shi a bayan a-kori-kura zuwa wani babban asibiti, tafiyar yini guda. Aka ɗauki hoton bayansa. Likitan ba ya jin Hausa, sai aka kira wani nas ɗan Tangale mai suna Noah ya yi tafinta. Noah ya ce jijiyoyin jini ne suka dunƙule cikin ƙashin bayan, suka kumbura suna danne laka. Za a tsaga a cire, amma aikin yana zubar da jini ƙwarai, don haka ya koma gida ya nemo mutum shida da za su ba da nasu.

"Ka gode wa Allah," in ji Noah. "Ba na daji ba ne."

Noah yana nufin ba mugun ciwon nan ne mai cin jiki da Hausawa ke kira daji ba. Shi kuwa Bamanga daji ɗaya ya sani, wanda ake kiwo a cikinsa, mai macizai da aljanu. In ciwo ba na daji ba ne, ai na gida ne, wani nasa ne ya jefe shi. Da wannan ya dawo Gombe, zargi kuwa ba ya rasa inda zai sauka.

Ya sauka a kan yayansa Joda, wanda ke riƙe da garke a ruga can gaban Gabukka. Ranar da Bamanga ya sayar da shanun gadonsa, Joda ya taɓa ce masa wanda ya bar bin saniya ba ya daɗewa a tsaye. Maganar ɓacin rai ce ta shekara tara, amma sai ta dawo masa sabuwa fil.

Ran Juma'a Joda ya zo dubiya da ƙwaryar nono. Inno, mahaifiyarsu da idonta ya mutu, tana zaune a bakin ƙofa.

"Hamma," in ji Bamanga daga kan tabarma, "likita ya gani a hoto. Ya ce na gida ne. Ka kwance abin da ka ɗaura mini."

Joda ya ajiye ƙwaryar a hankali. "Allah ya ba ka lafiya," ya ce, ya ɗauki sandarsa ya fita.

Maƙwabta biyu kaɗai suka yarda da ba da jini, amma da aka koma asibiti ba wanda ya ƙara tambayar jini. Awa bakwai aka yi ana aikin. Bayan mako uku babban yatsansa na ƙafa ya motsa, Noah ya yi ta murna.

"Kai mai dangi ne," ya ce. "Yayanka ya riga ku zuwa da makiyaya biyar. Ba don jininsu ba, da a kan tebur ka ƙare."

"Shi da ya jefe ni?"

"Wane jifa?"

Bamanga ya maimaita masa maganarsa ta ranar farko, cewa ba na daji ba ne. Noah ya zauna a bakin gado, ya dafe kai, sannan ya bayyana masa mene ne daji a bakin asibiti. Wannan ƙullin, ya ce, mutane da yawa na yawo da shi ba su sani ba, kuma babu hannun kowa a ciki.

Da aka dawo da shi Gombe ya sa aka kai shi rugar. Turaku da busasshen kashin shanu kawai suka tarar. Wasu suka ce Joda ya yi Mambila, wasu suka ce ya tsallaka Kamaru. Babu direban da ke lodi a Bolari da Bamanga bai ba shi saƙo ba, amsa kuwa ko ɗaya ba ta zo ba.

Bamanga ya tashi, ya yi tafiya, amma da sanda. Ƙarar sanda a zaure kuwa, a kunnen Inno, shigowar mutum ɗaya ce. Kullum ya dawo daga kasuwa sai ta ɗaga kai.

"Joda? Ka huce?"

"Bamanga ne, Inno."

Sai ta juya fuskarta bango. Wannan juyawar ta fi masa wuƙar likita ciwo. Wata rana da la'asar, bayan shekara biyu, ta sake tambaya, shi kuwa ya gaji. Ya sauke murya irin ta yayansa.

"Na huce, Inno."

Ta lalubo hannunsa ta riƙe gam.

"To shiga ka duba ƙanenka," ta ce. "Tun da ka tafi ba ya cin abinci."