Jan Zare a Tsinken Tsoho Qiao

Kwana shida ke nan kwanon Qiao Deshun yana zaune shi kaɗai a bakin taga, an ɗaura jan zare a tsinkayensa na cin abinci. Matarsa Suzhen ce ta ɗaura don a ware su daga na kowa, ranar da gwajin asibitin unguwa ya ce yana da ƙanjamau. Ko tambaya ba ta yi masa ba. Tebur kawai take gogewa, ta koma ta sake gogewa.

'Yarsu Yanru ta kasa zaune ta kasa tsaye. Bara, da sankarar jini ta kama tsohon, ita ta sa hannu a takardun magani a madadinsa, ta ce wa iyayen ƙarancin jini ne, kamar yadda 'ya'yan kirki suke yi a birnin Wuxi na ƙasar Sin. Takardu shafi talatin, wa ya karanta?

Tana safa da marwa a baranda ta kira Likita Pang a waya, wadda ta yi wa tsohon maganin sankarar.

"Shafi na sha tara," in ji likitar. "Da ɓawon ƙwayar ƙanjamau muka shigar wa sojojin jininsa umarnin yaƙar sankara. An cire mata dafi, ba ta hayayyafa, kuma muna ta dubawa. Wancan gwajin sawunta ya gani ya yi kururuwa. Babanki ba shi da ƙanjamau. Je ki faɗa musu."

"In faɗa musu yaya? Su fa ba su san sankara ce ba!"

"To zaɓar musu wadda za su zauna da ita."

Da aka zuba shinkafar rana Yanru ta faɗa musu, kunya kamar ta nutse. Suzhen ta dafe ƙirji, ta yi wuf ta ɗauko kwanon da tsinkayen, ta hau kwance zaren. Ƙullin ya ƙi.

"Sankara?" Tsohon ya yi 'yar dariya. "Ke yarinya, wata guda ina kwance a hawa na tara, sashen masu sankara. Ce miki aka yi ban iya karanta allon ƙofa ba?"

"Kai tsohon nan!" Suzhen ta fashe da kuka. "Kwana shida, ka kasa ce mini ba ka ci amanata ba?"

"Kin tambaya?"

Ya miƙa hannu ya karɓi tsinkayen a hankali, ya daidaita bakinsu a kan tebur.

"Bar zaren," ya ce. "Shekara arba'in da ɗaya da aurenmu, ban taɓa sanin waɗanne ne nawa ba."